Kafin Lasisin Kano Ya Ƙare: Daga Glasgo Zuwa Tsaunukan Arewa

Asabar, 13 ga Afrilu, 2024

An gama hidimar Ƙaramar Salla, yau na samu zama na fara wannan rubutu. Ranar 20 ga Yulin bara muka sauka Glasgo, ni da uwargida da yara biyu. Ita tana aikin jinya a asibiti, ni kuma ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Mun kusa wata tara, amma in aka ce in faɗi abin da na sani na Sikotland, ba zai wuce gidan hayarmu ba, da tashar bas, da wurin aiki, da masallaci, da shagon mahauci a Pollokshields. Kafin hutu yarinyata ta dawo daga makaranta da taswirar ƙasar, ta ɗora yatsa a kan dutsen Ben Nevis ta ce, "Abba, duk 'yan ajinmu sun taɓa ganin duwatsun nan. Mu yaushe?" Maganar ta tsaya mini a rai.

Ga yadda dokar take. Wanda ya zo zama Birtaniya da lasisin Najeriya zai iya tuƙi da shi wata 12 daga ranar da ya zama mazauni. Bayan nan ba a musanya masa da na nan, sai ya sake komai daga tushe kamar ɗan koyo. Nawa zai daina aiki ranar 19 ga Yuli. Saura mini kwana 97 ke nan in samu lasisin koyo, in ci jarrabawar ƙa'idojin hanya, in ci gwajin tuƙi, in sayi mota, in kuma kai iyalina tsaunuka a farkon hutun bazara. Shekara 19 ina tuƙi, na san hanyar Kano zuwa Jos ta dajin Falgore kamar tafin hannuna. Ina fatan hakan ya taimaka.

Talata, 23 ga Afrilu

Lasisin koyo ya iso ta gidan waya. Fam 34 na biya ta intanet. Na kama ranar jarrabawar ƙa'idoji, fam 23. Ina karatu a wurin aiki tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare idan tsofaffin sun samu barci.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Yau saura ƙiris in jefa kuɗinmu a rijiya. Na je ganin wata mota mai shan dizal, ƙirar 2013, jikinta tas, injin shiru, farashi mai sauƙi har na fara mamaki. Abokin aikina ɗan Ghana da ya raka ni ya ce in dakata, ya shigar da lambar motar a wayarsa. Ashe tun 1 ga Yunin 2023 tsakiyar Glasgo ta zama yankin hana hayaƙi. Motar dizal da ta girmi ƙarshen 2015 galibi ba ta da izinin shiga, kyamara na ɗaukar lamba, tara fam 60, kuma tana ninkawa idan ka maimaita. Motar fetur kuwa daga wajen 2006 zuwa sama tana wucewa. Dalilin arahar ke nan. Mai motar bai yi mini ƙarya ba, amma bai faɗa ba.

Abokin nawa ya kuma nuna mini cewa duk motar da ta haura shekara 3 ana yi mata binciken lafiya kowace shekara, MOT suke ce masa, kuma kowa na iya duba tarihin binciken kyauta da lambar mota: mil nawa ta ci kowace shekara, me aka taɓa samu a birki, ina tsatsa ta fara. A nan tsatsa ce ke kashe mota, saboda gishirin da ake watsawa a titi da hunturu.

Asabar, 4 ga Mayu

Alhamdu lillahi, mun yi mota. Toyota Auris mai fetur, ƙirar 2011, giyar hannu, mil 84,000 a agogo. Fam 2,900 bayan ciniki. Inshora ce ta fi ciwo: fam 1,480 a shekara, saboda shekaruna 19 na tuƙi ba sa cikin lissafinsu. Harajin hanya fam 20 da 'yan kai a wata. Na daina juya kuɗin nan zuwa naira, don in na tuna fam ɗaya ya doshi naira dubu biyu sai barci ya gagara.

Da na buɗe but ban ga safaya ba, sai wata 'yar kwalbar gam da famfon iska. Wai haka ake yi yanzu. Ban yarda ba. Na samo siririyar safaya da jak a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, fam 45. Auta ɗan shekara 5 ne, dole sai da kujerar yara, domin doka ta ce har yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135. Ita ma yayarsa da muka auna ta a jikin ƙofa ba ta kai ba. Kujeru biyu, fam 70.

Da yamma na kira Baba na shaida masa. Ya ce, "To, ka koma hannunmu na dā ke nan." Shi ya fara tuƙin babbar mota tun Najeriya na bin hagu, kafin a koma dama a 1972. Ya ce a makon farko na canjin, ƙyalle ya ɗaura a hannunsa na dama don kada ya manta. Na ce, "Baba, a sa mu a addu'a." Ya ce Allah ya tsare, kuma kada in yi gaggawa a shataletale.

Asabar, 11 ga Mayu

Daren jiya ba zan manta da shi ba. Wajen ƙarfe 10 da rabi maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce mu fita mu kalli sama. Fitilun gari sun hana gani sosai, sai na ce kowa ya shiga mota. Muka hau hanyar da ta bi ta saman Lennoxtown zuwa tudun Campsie, tuƙina na farko da dare a ƙasar nan. Motoci cike a gefen hanya, mutane tsaye shiru cikin riguna masu kauri. Sama ta yi ja-ja da kore, haske yana saukowa kamar an rataye labule yana motsi. Da ido launin bai kai yadda waya ke nunawa ba, amma motsin kana ganinsa sarai. An ce wata guguwa ce daga rana, irin wadda rabon da a ga mai ƙarfinta tun 2003. Uwargida ba abin da take maimaitawa sai Subhanallah. Auta ya riƙe ƙafata ya ƙi saki.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na ci jarrabawar ƙa'idoji: 47 cikin 50, ana neman 43. A ɓangaren hango haɗari na samu 52 cikin 75, ana neman 44. Na samu gurbin gwajin tuƙi da wani ya soke, ranar 20 ga Yuni, fam 62.

Laraba, 29 ga Mayu

Darasi na uku da malamar tuƙi, fam 38 kowace awa. Da farko na ɗauka awa biyu za ta ishe ni. Ta ce hannuna a mota ba shi da matsala, matsalar idona ce da ƙafata. Ina duba madubi da gefen ido, su kuma suna son mai gwaji ya ga kai ya juya. Ina matse motar gaba. Ina kai hannu ga hon ba tare da na sani ba. Babban abin shi ne shataletale. A gida ka saba ka cusa hancin mota a hankali, wanda ke zuwa ya gan ka ya sassauta, kowa ya wuce. A nan wanda ke tahowa daga damanka shi ke da hanya, ba ya tsammanin za ka fito, saboda haka ba ya rage gudu. Ta ce idan har na sa wani ya taɓa birki, na faɗi.

Abin da wuya. Abin da ya tsare ni shekara da shekaru a hanyar Zariya shi ake ce mini in bari.

Lahadi, 2 ga Yuni

Gwajin tafiya zuwa Luss a bakin tafkin Lomond, ƙasa da awa ɗaya daga gida. Lafiya lau. Auta ya yi amai a kwanoni, za mu nemi magani kafin babbar tafiya.

Litinin, 17 ga Yuni

Jiya aka yi Babbar Salla. Layya a gida muka aika aka yi. Darasi na takwas yau.

Alhamis, 20 ga Yuni

Na faɗi.

Komai ya fara daidai. Na karanta lambar mota daga nisan mita 20, na amsa tambayar birki, na yi fakin da ribas ba tangarɗa. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15, ni 4 kawai na yi. Saura kamar minti biyar mu koma, muka zo wani babban shataletale mai layi uku. Na tsaya, na jira, motoci ba sa yankewa. Na hango mota ta tsaya a bayana, wata kuma a bayanta, sai na ji kamar na tare wa jama'a hanya. Wata farar motar kaya ta taho daga dama, na auna ta na ga zan wuce, na fita. Na wuce ɗin, amma na ga hancinta ya ɗan duƙa, direban ya taka birki. Mai gwajin bai ce komai ba. Ni na riga na sani.

Da muka tsaya ya ce babban kuskure ɗaya ne, kuma ɗaya ya isa. Gaskiyarsa ce. Babu wanda ya matsa mini, ba wanda ya danna hon a bayana, ni na matsa wa kaina.

Na daɗe zaune a mota kafin in shiga gida. Uwargida ta dube ni ta gane, ta ajiye mini shayi ta ce, "Abban yara, sai haƙuri. Tafiyar dai tana nan ko?" Tana nan, tunda lasisin Kano na da sauran wata guda. Sai an yi kwana 10 na aiki kafin a sake gwaji, amma gurbi mafi kusa da na samu a watan Nuwamba yake. Na kama shi, wani fam 62, zan riƙa leƙawa ko wani zai soke nasa.

Zuwa yau lasisi ya ci fam 485: 34, 23, gwaji biyu 124, darussa 304.

Lahadi, 30 ga Yuni

An ba yara hutu, mu ma mun haɗa ranakun hutunmu da ƙyar. Tsari: Talata Fort William, Laraba tsibirin Skye, Alhamis Applecross zuwa Inverness, Juma'a bayan masallaci mu kamo hanyar gida. Kasafi fam 600, masauki kaɗai 435. Da wuya a samu naman halal a ƙauyukan can, don haka uwargida ta kwana biyu tana dambun nama da soyayyar kaza da cincin, ga yaji a kwalba da filas biyu. Na duba mai, ruwa, iskar taya har da ta safaya. Na sauke taswira a waya saboda an ce sabis na ɗaukewa.

Talata, 2 ga Yuli, Fort William

Mun bar gida ƙarfe 8 bayan addu'ar tafiya. Hanyar A82 a gefen tafkin Lomond, daga Tarbet zuwa sama, ƙunci gare ta: dutse a hagu, ruwa a dama, manyan motocin yawon buɗe ido na tahowa kamar za su shafe ka. Bayan Tyndrum sai ƙasa ta buɗe. Rannoch Moor fili ne na fadama da ƙananan tafkuna, ba gida, ba gona, da ƙyar ka ga bishiya. Ban taɓa ganin ƙasa mai ruwa haka ba kowa a cikinta ba. A wajenmu da tuni an yi shinkafa.

Sai Glencoe. Duwatsu baƙaƙe suka taso ta ɓangarorin biyu, gajimare ya yanke kawunansu, ruwa na zubowa ta kowace tsaga fari fat kamar zare. Na samu wuri na faka. Yarinyata ta fita ta tsaya ba ta ce uffan ba, can ta juyo ta ce, "Abba, ashe da gaske ne." A wurin baƙi muka karanta abin da ya faru a kwarin ranar 13 ga Fabrairun 1692. Sojojin gwamnati sun sauka a gidajen dangin MacDonald, aka ba su masauki da abinci kusan mako biyu, sannan da asuba suka tashi suka kashe masu masaukin nasu, mutum fiye da 30, wai shugaban dangin ya makara wajen yi wa Sarki William mubaya'a. Wasu sun gudu cikin dusar ƙanƙara suka mutu a can. Abin da mutanen nan suka kasa mantawa har yau shi ne cin amanar, a ci abincinka a kwana a ɗakinka. Na fahimce su sarai.

Mun haɗa Azahar da La'asar ƙasaru a kan ciyawa bayan mota. Ben Nevis, mai tsawon mita 1,345, bai fito daga gajimare ba ko sau ɗaya. Rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe 10, yara sun ƙi yarda dare ya yi.

Laraba, 3 ga Yuli, Broadford

Ruwa tun safe. Mun tsaya a fadar Eilean Donan, wadda jiragen yaƙi suka rusa a 1719 aka gama sake gina ta a 1932. Daga waje muka kalla, kuɗin shiga ba ya cikin kasafi. Gadar Skye kyauta ce yanzu. An buɗe ta a 1995 da kuɗin haye mai tsada, mutanen tsibirin suka yi ta bore har aka soke a 2004.

A hanyar Sligachan na riƙa ganin kufai, tarin duwatsu a jere inda gidaje suke a dā, tumaki na kiwo a ciki. A ƙarni na 18 da na 19 masu ƙasa suka tashi talakawa daga ƙauyukansu don kiwon tumaki ya fi kawo riba. Da yawa jirgin ruwa suka hau zuwa Kanada da Amurka da Ostareliya. Ashe wannan ƙasa da muka zo nema a cikinta, ita ma 'ya'yanta sun taɓa barin ta don neman abinci. Na daɗe ina juya wannan a raina ina tuƙi.

Kafin mu sayi kifi da dankali sai da na tambaya da wane mai ake suya, kuma ko akwai giya a ƙullun. Man tsirrai ne, ba kitsen dabba ba, kuma ba giya. Fam 31.

Alhamis, 4 ga Yuli, Inverness

Yau ake zaɓen ƙasa, mun wuce wani ɗan zauren ƙauye da allon rumfar zaɓe a ƙofa, mutum biyu da kare. Yau ce kuma ranar da ta fi kowace tsawo a tafiyar tamu.

Hanyar da ke haurawa Applecross sunanta Bealach na Bà, da harshen Gelik ma'anarsa mashigar shanu. Burtali ne dai, ta nan makiyaya ke koro shanu zuwa kasuwa. Daga bakin teku take hawa har mita 626 cikin 'yan mil kaɗan, faɗinta na mota ɗaya, da wuraren kaucewa jefi-jefi. A ƙasa akwai allo da ke gargaɗin 'yan koyo da manyan motoci. Na tsaya na karanta shi sau biyu. Uwargida ta ce, "In ranka bai kwanta ba mu zagaya." Na ce bismillah. Giya ta biyu, wani wurin ta ɗaya. Kusa da ƙoli akwai kwanoni masu lanƙwasa kamar ƙugiya, kana juya sitiyari kana ganin kwarin da ka baro a ƙarƙashin tagarka. Ba wanda ya yi magana a motar. A sama iska kamar za ta ɗauke ƙofa, amma gajimare ya yaye, ga duwatsun Skye can a ƙetaren ruwa, shuɗaye, a jere.

A gangare muka haɗu da shanunsu, jajaye masu gashi har ido, ƙaho kamar na rahaji. Sun kwanta a kan kwalta abinsu. Na kashe mota muka jira.

Matsalar a hanyar gaɓar teku ta same mu, tsakanin Applecross da Shieldaig. Wata babbar mota mai ɗakin kwana a ciki ta taho, wurin kaucewa yana bayana kamar taku talatin. Ƙa'ida ita ce in yi ribas in koma. Maimakon haka na saki hagu na sauka gefen kwalta don mu gifta, yadda na saba. Gefen a karye yake, da kaifi. Na ji fam, sitiyari ya ja. Tayar gaba ta hagu ta tsage a gefe, tsagar da yatsa biyu za su shiga. Gam ɗin nan ba abin da zai yi mata, faci ma ba zai kama ba.

Ba sabis. Na fito da safaya, amma ƙasar laushi gare ta kamar soso, jak sai nutsewa yake. Iska ta ɗauke, sai ga ƙwarin da ake ta ba mu labari, mijis, ƙanana kamar garin barkono, dubbai, cikin ido, cikin kunne, cikin gemu. Na sa yara suka koma mota aka rufe gilashi. Na fi minti arba'in ina fama.

Wani dattijo ya tsaya da tsohuwar motar gona, kare a gefensa. Bai yi dogon bayani ba, ya ɗauko guntun katako ya sa ƙarƙashin jak, ya miƙo mini wata hular raga in rufe fuska. Minti goma muka gama. Ya tambayi daga ina, na ce Najeriya, amma yanzu Glasgo. Ya ce 'ya'yansa biyu ma suna Glasgo, ƙanwarsa na Kanada. Na tambaye shi yadda ake gaisuwa da harshensu. Ya ce ga yaro ko aboki "ciamar a tha thu", ga babba kuwa "ciamar a tha sibh", ana jam'inta shi don girmamawa. Na ce mu ma haka muke cewa "ku" ga manya. Ya yi murmushi. Na ɗauko kuɗi ya ƙi, uwargida ta ƙulla masa dambun nama ya karɓa, ya ɗanɗana a nan tsaye ya ce da yaji. Kafin ya tafi ya nuna mini wurin kaucewar da hannu, ya ce nan gaba in koma baya, ba wanda zai ƙosa.

Siririyar safaya ba a wuce mil 50 a awa da ita. Haka muka lallaɓa ta Torridon da Achnasheen, duk inda layi ya taru a bayana in kauce su wuce, kowa ya ɗaga hannu. Ƙarfe 9 muka shiga Inverness da sauran rana.

Juma'a, 5 ga Yuli

Sabuwar taya fam 85. Juma'a a masallacin Inverness, ƙarami ne, ya cika har ƙofa. Hanyar A9 zuwa Perth akwai kyamarori masu auna matsakaicin gudu, na tsaya a ƙa'ida. Mun iso gida ƙarfe 8, yara na barci.

Lahadi, 7 ga Yuli

Lissafi: mil 571. Masauki 435, fetur 102, abinci 70, fakin 18, taya 85. Jimla fam 710, mun haura kasafi da 110. Zan karɓi ƙarin dare biyu a wannan watan. Wuyana da hannuwana duk ƙuraje, ƙaiƙayi bai bari ba. Yarinyata ta ja jan layi a taswirarta ta manna a bangon ɗaki, ta zagaye Ben Nevis ta rubuta "saura".

Juma'a, 19 ga Yuli

Yau ce ranar ƙarshe. Na kai uwargida aiki, na biya ta wancan shataletalen na zagaya shi sau uku, kowane karo sai da hanya ta yanke sarai na fita. Na dawo na faka, na kira kamfanin inshora aka mayar da ni ɗan koyo.

Daga gobe sai da jan harafin L gaba da baya, fam 4 na saya, kuma sai da mai lasisin da ya shekara 3 da shi, wanda ya haura shekara 21, a gefena. Babbar hanyar da suke kira motorway ba zan hau ba sai tare da malama a motarta. Abokina ɗan Ghana ya ce zai riƙa zama da ni ranar Asabar da safe. Na kama darasi biyu a Agusta, shataletale kawai za mu yi. Uwargida ma ta cike takardar nata lasisin koyon daren jiya. Aiki kuwa na koma bas, ta ƙarfe 7 da kwata.